Keke Mai Taya Ɗaya da Gwiwa Mai Ciwo: Abin da Bidiyon Daƙiƙa 30 Ba Ya Nuna Maka

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: matashi a kan keke mai taya ɗaya, hannuwa a sake, yana ratsa titi hankali kwance, an kuma rubuta a ƙasa cewa cikin kwana uku ya koya. Ka kalli ɗaya, manhajar ta jero maka goma. Kafin mako ya zagayo ka fara tambayar farashi.

Haka ta faru da ni. Bambancin shi ne ni shekaruna 38, kuma gwiwata ta dama ba ta sake komawa daidai ba tun wata faɗuwa da na yi a filin ƙwallo shekarun baya. In na hau bene sai na ji ta, in na yi doguwar tafiya a mota sai na ji ta, zaman tahiya ma in ya yi tsawo sai na gyara ƙafa. Duk da haka na sayi keken na hannu, mai taya inci 24, daga wurin wani da ya saya da zumuɗi ya jingine shi a bayan ɗaki. Da na yi tunani, da tun daga nan na tambayi kaina dalilin da ya sa ya jingine shi.

Ra'ayina bayan wata biyar ina fama shi ne: babba mai ciwon gwiwa zai iya koyon hawan keke mai taya ɗaya, amma ba ta hanyar da gajerun bidiyo ke koyarwa ba. Wanda kuma ya ce zai koma wa na lantarki don ya hutar da gwiwarsa, ya yi hattara kada ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Suna ɗaya, na'ura biyu

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya bambance abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne na feda, wanda aka daɗe ana gani wurin masu wasan nishaɗantar da jama'a a Turai da Amurka. Taya ɗaya ce, sirdi a sama, feda biyu a maƙale kai tsaye da tsakiyar tayar. Ba sarƙa, ba giya, ba kan da za ka riƙe, kuma mafi yawansu ba birki. In ka daina juya feda, taya ta tsaya, kai kuma ka wuce gaba. Ana yin su a girma daban-daban: inci 20, 24, 26, 29 har 36. Mai inci 24 yana cin kusan mita 1.9 a kowane zagaye ɗaya na feda.

Na biyu shi ne na lantarki, wanda ya fi jan hankalin masu bibiyar wannan shafi. Shi galibi ba a zama a kansa, tsayuwa ake yi a kan matakai biyu a gefen tayar. Injin yana cikin tayar kanta, batir da ƙwaƙwalwar na'urar suna cikin akwatin da ya rufe ta. Abin da ke riƙe shi a tsaye ba baƙo ba ne a gare ka, domin yana cikin wayar da ke hannunka yanzu: jairoskop da na'urar auna motsi, waɗanda ke sa wayarka ta gane ka karkatar da ita ta juya maka allo. Da ka karkata gaba, na'urorin su ji, ƙwaƙwalwar ta umarci injin ya tura tayar ta shiga ƙarƙashinka kafin ka faɗi. Da ka karkata baya, ya rage gudu. Ana maimaita wannan lissafi sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa.

Fasahar ta fito fili ne da Segway mai taya biyu a shekarar 2001. Kimanin shekara goma bayan nan, wani mai ƙirƙira mazaunin Amurka, Shane Chen, ya fito da Solowheel mai taya ɗaya. A 2015 kamfanin Ninebot na ƙasar Sin ya sayi Segway, kuma a yau kamfanonin Sin irin su InMotion da King Song da Begode ne ke riƙe da kasuwar.

Abin da tallace-tallace ba su cika faɗa ba shi ne, na'urar gaba da baya kaɗai take daidaita ka. Dama da hagu aikinka ne, kuma da ƙafafunka za ka yi shi.

Ina ciwon yake fitowa?

Makona na farko a kan na feda, kullum sai na yi awa guda ina dafa katangar gida. A rana ta huɗu gwiwar ta kumbura, sauka daga bene ya zama aiki. Na ɗauka keken ne bai dace da ni ba. Da na je wurin likitan fisiyo, tambayar farko da ya yi mini ita ce: "Malam, zama kake yi a kan sirdin, ko tsayuwa kake yi a kan feda?"

Na ce zama nake yi mana. Ya ce in ɗauki kaina bidiyo in duba.

Na jingine wayar da bulo, na saita kyamarar a tsarin nan mai rage saurin motsi, na ɗauka daga gefe. Abin da na gani ya ba ni kunya. Jikina yana taɓa sirdin ne kawai, amma nauyina gaba ɗaya yana kan ƙafafuna, gwiwoyi a lanƙwashe, kamar wanda ya tsuguna rabi yana ƙoƙarin tafiya a haka. Tsoron faɗuwa ne ke jawo wannan. Jiki yana shirin dira a kowane lokaci, sai ya ƙi sakin nauyinsa. Tsuguno rabi kuwa yana cikin yanayin da ke matse ƙoƙon gwiwa da ƙashin cinya sosai. Awa guda a haka, ko mai lafiyar ƙalau sai ya ji a jikinsa.

Daga nan na gano abubuwa huɗu da ke cin gwiwar mai koyo, kuma duk ana iya gyara su.

Na ɗaya, rashin sakin nauyi a kan sirdi. Maganinsa tunatar da kai a kowane zagaye: zauna. Ƙafa aikinta juya feda ne kawai. Ranar da na fara zama da gaske, na sauka ban ji zafin cinya ba.

Na biyu, sirdi ya yi ƙasa. Mai koyo yana son ya ji ƙasa kusa da shi, sai ya sauke sirdin, ya ƙara wa gwiwa lanƙwasa. Ma'aunin da masu keke suka daɗe suna amfani da shi yana da sauƙi: ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. In ka mayar da gaban tafin ƙafarka kan fedar, gwiwar za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Nan ne daidai. Nawa sai da na ɗaga shi kusan faɗin yatsu uku.

Na uku, tsawon sandar feda. Keken ya zo da mai milimita 150. Doguwar sanda tana ba ka ƙarfin sarrafa taya, amma tana ɗaga gwiwarka sama sosai a kowane zagaye. Gajeriya, irin mai milimita 125, tana rage lanƙwasar, sai dai tsayawa da hawan tudu sun fi buƙatar ƙarfi. Ni sai da na iya tafiya tukuna na sauya zuwa gajeriyar, kuma a shimfiɗaɗɗen wuri gwiwata ta fi jin daɗinta. Ba dole ne haka ta kasance ga kowa ba.

Na huɗu, kuma mafi girma, dira. Mai koyo ba ya faɗuwa warwas sau da yawa, amma yana dira da ƙafa sau talatin ko hamsin a zama ɗaya, kuma kusan kullum a kan ƙafa ɗaya. Wannan bugun ne ke taruwa. Abin da ya taimake ni shi ne koyon sauka ta baya da gangan: in rage gudu, in riƙe gaban sirdin, in bar tayar ta yi gaba, in sauke ƙafa a hankali. In kuma abin ya ƙwace, in bar keken ya faɗi. Ƙoƙarin cafke shi ne ke sa mutum ya murɗe gwiwa. Sirdi in ya goge ana sayen wani.

Ƙari a kan waɗannan, gangara ba abokiyar mai ciwon gwiwa ba ce. Tunda ba birki, ƙafafunka ne ke danne fedar don hana taya gudu, kuma irin wannan dannewa ita ce ke sa sauka daga bene ya fi hawa zafi ga masu irin ciwona. Har yau in na zo gangara sauka nake yi in tura shi, ko da yaran unguwa suna kallo.

Na lantarki ba gadon hutu ba ne

Abokai da dama sun ce mini: "Ka bar wahalar feda, ka nemi na caji." A ido shawara ce mai kyau, tunda ba juya ƙafa. Na ari na wani abokina na gwada na kwana biyu a fili, na kuma karanta abin da zan iya karantawa. Ga dalilan da suka sa ban saya ba.

Na farko, tsayuwa ake yi, kuma ba a miƙe gwiwa. Dole ka ɗan lanƙwasa ta domin ita ce za ta shanye kowane rami da kowane tudu. Sai a shekarar 2020 aka fara samun masu abin shanye gargada a kasuwa sosai, irin su InMotion V11 da King Song S18, kuma sun fi tsada, sun fi nauyi. V11 ya haura kilo 25. Ka tuna titin unguwarku bayan damina, sannan ka tuna cewa a kan wanda ba shi da wannan tsari, gwiwarka ce shokozoba.

Na biyu, hawa da sauka. Ana fara tafiya ne da ƙafa ɗaya a kan mataki, na'urar ta jingina da cikin ƙwaurinka, ɗaya ƙafar tana tura ƙasa. Wannan yana jan gwiwa ta gefe, ɓangaren da ba ta da juriya sosai. Ga mai tsohon rauni a jijiyoyin gwiwa, nan ne haɗarin yake.

Na uku, gudu. Mai koyon na feda yana tafiya ne kamar mai sassarfa, in ya dira ya taka sau biyu ya tsaya. Na lantarki ko ƙananansu suna kai kilomita 25 zuwa 30 a awa, manyan kuma sun ninka haka. Lissafin kimiyya a nan ba ya sassauci: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun yana ninkawa sau huɗu. A kilomita 25 a awa, mafi yawanmu ba za mu iya dira mu ci gaba da gudu da ƙafa ba. Kuma in ka nemi ƙarfin da ya wuce abin da injin ke iya bayarwa, musamman batir ya yi ƙasa, na'urar tana iya gaza riƙe ka. Shi ya sa take ƙara, take kuma ɗaga gaban matakan don ta gargaɗe ka. Mota in inji ya mutu tana gangarawa ta tsaya. Abu mai taya ɗaya in ya gaza, ƙasa ce ke tarbar ka.

Na huɗu, batir da aljihu. Mai kyau yana kamawa daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dala 2,000. Batirinsa na litiyam ne, irin na waya, amma girmansa ya ninka nata sau da yawa: ƙanana ma suna ɗauke da ɗaruruwan wat-awa. Dokar jiragen sama ta tsaya a wat-awa 100, ko 160 da izinin kamfanin jirgi, don haka kada ka sa ran ɗan'uwanka zai riƙo maka shi a jaka daga Dubai ko Guangzhou. Irin wannan batir ba ya son zafi, ba ya son ruwa, ba ya son cajar da ba tasa ba. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, da caji a janareta, sannan ka tambayi kanka wa zai gyara maka in ƙwaƙwalwarsa ta ƙone. Na feda kuwa Baba mai faci na bakin titi ya gyara mini shi da sifana ɗaya, yana dariya yana tambayata: "Yaro, ina ka yar da ɗaya tayar?"

Ko a Turai ba a gama yarda da su ba. Faransa ta amince da hawansu a 2019 amma ta ƙayyade gudu a kilomita 25 a awa. Dokar da Jamus ta yi a shekarar ta buƙaci abin hawa ya kasance da kan riƙewa, sai masu taya ɗaya suka rasa gurbi a titunanta. Ƙasashen da ke da titin keke na musamman ke nan. Mu da ke raba hanya da a-daidaita-sahu da babura da tirela, ai sai mu fi su taka tsantsan.

Ba cewa nake na lantarki ba shi da amfani ba. Fasaha ce mai ban sha'awa, kuma ga mai lafiyayyar gwiwa da ke da shimfiɗaɗɗen wuri da cikakkun kayan kariya, abin hawa ne na gaske. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a tallata shi a matsayin mafita ga mai ciwo.

Masu cewa "me ya kai ka?"

Akwai ƙorafi biyu da nake yawan ji, kuma ɗayansu yana da ƙarfi.

Na farko: girma ya kama ka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan bai dame ni ba, gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne yaro ya fi saurin koyo, saboda ba ya tsoro, jikinsa ba nauyi, in ya faɗi kuma ya tashi ya kakkaɓe. Ed Pratt, ɗan Ingilan nan da ya zagaya duniya a kan keke mai taya ɗaya inci 36 tsakanin 2015 da 2018, yana da shekara 19 ya tashi. Kuskure ne ɗan shekara 40 ya auna kansa da shi. Amma jinkirin koyo daban, gazawa daban. Ni sai a mako na bakwai na yi mita 50 ba tare da dafa komai ba.

Na biyu: in lafiyar gwiwa kake nema, me ya hana ka hau keke mai taya biyu? A nan dole in sallama. In gwiwa ce kaɗai a lissafi, keken da muka sani, ko na motsa jiki da ke kafe a wuri ɗaya, ko iyo, duk sun fi sauƙi da aminci. Likitan fisiyon ma haka ya faɗa mini, kuma atisayen ƙarfafa tsokar cinya da ƙugu da ya ba ni su ne suka yi wa gwiwar aikin gaske. Duk wanda ya ce maka keke mai taya ɗaya magani ne, yana da abin sayarwa.

To me ya sa na ci gaba? Saboda an taɓa ba ni irin wannan atisaye sau biyu a baya, kuma duk na watsar kafin wata ya cika. Wannan karon ban watsar ba, domin na san in na yi sakaci gobe ba zan iya hawa ba. Keken ya ba atisayen dalili. Sannan akwai abin da ya shafi wannan shafi kai tsaye: shi ne abu ɗaya tilo a yinina da ba zan iya yi riƙe da waya ba. Ina cin abinci ina duba saƙo, ina hira ina leƙa Facebook. A kan taya ɗaya kuwa, daƙiƙar da hankalinka ya bar wurin, ka sauka. Minti 15 na cikakkiyar natsuwa a rana ba ƙaramin abu ba ne ga irinmu.

Wayarka: malama ce, kuma mai ruɗi

Bidiyon da ya ja ni cikin wannan harka bai yi mini ƙarya kai tsaye ba, yanke gaskiya ya yi. An cire dira ɗari biyu, an bar tafiya ɗaya mai kyau. Wanda ya gwada ya ji ciwo ya jingine keken ba ya ɗora bidiyo, in ma ya ɗora, manhajar ba za ta yaɗa shi ba, tunda abin da ke riƙe ido take turawa. Kai da ke kallo sai ka ɗauka kai kaɗai ne mai nauyin koyo, ka ƙara awanni, gwiwa ta biya kuɗin.

Amma wayar nan dai ita ce ta cece ni, da na sauya yadda nake amfani da ita. Kyamara ta nuna mini ba na zama a sirdi. Agogon wayar nake saitawa minti 15, da ya buga na sauka, ko da ina jin saura ƙiris in iya. A manhajar rubutu kuma nake ajiye lamba daga 0 zuwa 10 ta zafin gwiwa, bayan na sauka da kuma washegari da safe. Ƙa'idar da likitan ya ba ni ita ce: in bayan awa 24 ciwon bai koma yadda yake kafin hawa ba, na wuce gona da iri, sai in huta in rage. Da na duba rubutun bayan wata guda, na ga ranakun da na yi ta gwada hawa ba tare da dafa komai ba su ne ke ba ni lamba mafi girma. Sai na jinkirta wannan darasi, na koma sa bulo a bayan taya ina hawa a hankali.

Abubuwa biyu kuma ba na wasa da su. Kada ka sha maganin kashe zafi irin su diklofenak ko ibuprofen don ka samu damar hawa. Zafin shi ne ƙararrawar gargaɗinka, kashe shi daidai yake da kashe ƙarar gargaɗin na lantarki don ka ƙara gudu, ga shi yawan shan su yana illa ga ciki da ƙoda. Sannan in gwiwarka tana kumbura, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sulluɓewa kamar za ta kayar da kai, ba mai bidiyo za ka tambaya ba, asibiti za ka je kafin ka taka feda. Hular kwano da abin kare wuyan hannu kuwa, ko a tsakar gida ne ka sa su.

Inda nake yanzu

Yau ina zagaya filin makarantar unguwarmu sau uku da sassafe kafin ɗalibai su iso. Ban iya juyawa ta dama da kyau ba har yanzu, kuma gwiwar ba ta warke ba, sai dai hawa bene ya fi sauƙi fiye da bara. Ɗan yayata mai shekara 11 ya ari keken, cikin kwana tara ya wuce ni. Ya ce, "Kawu, ai ba wuya, kai ne kake jin tsoro." Ban musa masa ba. Shi gwiwarsa sabuwa ce, ni kuwa da wannan zan ƙarasa sauran tafiyar.

Don haka in kana cikin waɗanda bidiyon ya kama, kuma gwiwarka tana yi maka magana, ga shawarata: ka fara ganin likita, ka nemi na feda na hannu kafin ka narka kuɗi a na lantarki, ka ɗaga sirdi, ka zauna a kansa, ka saita agogo. In mako uku ya wuce lambobin da kake rubutawa suna hawa, ka sayar da shi ba tare da jin kunya ba, ka faɗa wa mai sayen gaskiyar dalilin da ya sa ka jingine shi.